Kujerar da Aka Ba Ka ta Aro Ce

Ɗana,

Na samu labarin ƙungiyarku ta zaɓe ka ka wakilce ta a gamayyar nan ta kimiyya da haƙƙin ɗan Adam da ke birnin Washington. Allah ya sanya alheri. Kafin ka ɗaura ɗamara, tsaya ka san yadda gidan yake.

An buɗe gamayyar a watan Janairun 2009 a inuwar AAAS, tsohuwar ƙungiyar masanan Amurka da aka kafa tun 1848, mai buga mujallar Science. Amma kada sunanta ya ruɗe ka. Ita mai masauki ce: ita ke ba da sakatariya, wato ma'aikatan da ke kiran taro, su adana takardu, su bi sawun abin da aka yanke. Masu wurin su ne ƙungiyoyin da suka shiga, na masana sinadarai da ƙididdiga da halayyar ɗan Adam da sauransu. Kowacce na tura wakilanta majalisa, majalisar ce ke saita alƙibla. Tsakanin zama da zama kuma akwai ƙaramin kwamitin gudanarwa da ke riƙe da akala.

To, a nan nake so ka nutsu. In ka zauna a majalisar, bakinka ba naka ba ne. Dubban mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba ne suka ara maka kujera. Na san ka tun kana ƙarami, zuciya gare ka, ba ka iya ganin zalunci ka yi shiru. Hali ne mai kyau. Sai dai ranar da aka kawo batun wani masani da aka tsare a wata ƙasa, jininka ya tafasa, kada ka ɗaga hannu da sunan ƙungiya alhali ba ka ji ta bakin shugabanninta ba. Ka ce a ba ka lokaci ka koma gida ka yi shawara. Wasu za su ce ka cika nawa. Bar su. Wakilin da ya ɗauki alkawarin da gida bai sani ba, gobe shi za a bari riƙe da shi, kuma amanar da ke tsakanin ƙungiyoyin ce za ta tsage.

Kada kuma ka zama ɗan majalisa kawai. Gumin yana cikin ƙananan kwamitocin aiki, inda ake zama mutum biyar ko shida ba mai ɗaukar hoto. Tun kafin gamayyar haka abin yake. A 1984, bayan faɗuwar mulkin soja a Ajantina, AAAS ta tura masana can, cikinsu har da Clyde Snow, mai karanta ƙasusuwan matattu. Ɗalibai ƙalilan ya samu ya koya wa tonon kaburbura a tsanake, su ne suka zama tawagar da daga baya aka riƙa gayyata ƙasashe da dama.

Ka kuma sayi haƙuri da yawa. Tun farkonta gamayyar ta rungumi Sashe na 15 na yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wanda ya ba kowa haƙƙin cin moriyar ci gaban kimiyya. Sai a 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da cikakkiyar fassararsa. Abin mamaki, ita kanta Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar tun 1977, har yau majalisar dattawanta ba ta amince da ita ba.

Duk zaman da kuka tashi, kada ka kwana biyu ba ka rubuta wa shugabanninku abin da aka tattauna ba, ko da shafi ɗaya ne, har da inda ka yi shiru da dalilin shirun. Ka gaida mini iyali, ka ce wa ƙaramar kakanta yana cigiya.