Cutar Farce da Maganinta



Akwai wata cuta da takan kama farcen hannu, ya yi kauri, ya koma rawaya, bakinsa ya riƙa marmashewa. Waɗansu ƙwayoyi ne dangin funfuna ke kawo ta, irin masu haddasa makero, kuma laima suke so.

Man shafawa bai cika ratsa farce ba, saboda haka likita yakan ba da maganin sha. A 1958 aka soma ba mutane griseofulvin, ana shan sa wata da watanni. Yanzu an fi ba da terbinafine, ƙwaya ɗaya kullum har mako 6, bayan an duba lafiyar hanta.

To, a nan ne mutane kan karaya. Sai a gama magani, a ga farce yana nan yadda yake, a ce magani bai ci ba. Farcen da ya lalace ba ya gyaruwa, sabo ne ke turo shi waje. Kamar milimita 3 yake yi a wata, watau sai wajen wata 6 kafin ya sauya duka. Ku dubi gindin farcen: in sabon toho ya fito sumul, magani ya ci.

Sai mako mai zuwa.