Hasken da Iska Ke Bayarwa da Dare

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi muku ɗan bayani game da wani haske wanda ba na wata ba ne, ba kuma na taurari ba. Iskar da ke can ƙololuwar sama ita ke bayar da shi. Da rana, ƙarfin hasken rana yakan farfasa ƙwayoyin iskar oksijin. In dare ya yi sai su dinga sake haɗuwa suna fitar da haske, kore a nisan kilomita 100, ja kuwa wajen kilomita 250. Anders Angstrom, mutumin Suwidin, shi ya fara lura da shi a 1868.

Hasken nan ba shi da ƙarfi, da ƙyar ido ke ganinsa. Don haka ake ɗora na'urorin awo a kan tauraron ɗan'adam. A 2019 hukumar NASA ta Amurka ta harba wani mai suna ICON, ya yi aiki har 2022. Ɗaya daga cikin na'urorinsa takan auna ɗan canjin launin hasken, daga nan a gane saurin iskar da inda ta dosa, kamar yadda hayaƙi ke nuna mana inda iska ke kaɗawa.

To, ina ruwanmu? Daga wannan sashe na sama muryar rediyo mai gajeren zango ke dawowa ƙasa, ta cikinsa kuma saƙon GPS ke ratsowa. In ya hargitse, musamman bayan magariba a ƙasashe irin namu na kusa da tsakiyar duniya, sai saƙo ya rikice, mai awon fili ko matuƙin jirgi ya sami lissafi marar daidai. Awon hasken shi ke taimaka wa masana su hango hargitsin. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.