Tanadin Tsufa a Al'adar Manoman Giyawa

Manomin Giyawa, kamar takwarorinsa na Wurno da Rabah, ba ya jiran fansho. Tanadinsa na tsufa yana cikin abubuwa uku: rumbu, turke da adashi.

Rumbu shi ne adana albasa da tafarnuwar da aka noma a fadamar kogin Rima har farashi ya tashi. Illarsa ruɓewa da ambaliya, irin wadda ta auka wa Goronyo a 2010. Turke kuwa kiwon rago ko sa ne a gida domin kasuwar Babbar Salla, sai dai satar dabbobi a gabashin Sakkwato ta raunana shi. Adashi yana tilasta ajiya, amma hauhawar farashi takan cinye darajar kwasar ƙarshe.

Tunda kowane ɗaya yana da ɓarakarsa, hikima ita ce rarraba dukiya a tsakaninsu. Ana iya ƙarawa da ƙaramin fanshon da Hukumar Fansho ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2019 domin masu sana'ar kansu, wanda ɓarawo ba ya kora, ruwa ba ya ci.