Darasi na 12: Shari'ar Iyakokin Garin Tuskegee

Akwai hanyoyin da masu mulki kan bi su kashe tasirin ƙuri'ar wata al'umma ba tare da sun rufe rumfar zaɓe ba. Ɗaya daga ciki ita ce maguɗin shata iyaka: ko a cusa jama'ar cikin mazaɓa guda, ko a warwatsa su cikin mazaɓu da yawa, su zama 'yan tsiraru ko'ina. Abin da ya faru a Tuskegee ya zarce haka, domin fitar da mutane aka yi daga garinsu a kan taswira.

Tuskegee yana cikin jihar Alabama, a kudancin Amurka, kuma baƙar fata ne suka fi yawa a yankin. Da yawan masu rajistar zaɓe a cikinsu ya ƙaru, sai farar fata masu riƙe da ragamar gari suka tsorata. A shekarar 1957 majalisar dokokin jihar ta zartar da doka mai lamba 140, wadda ta mai da garin daga mai kusurwa huɗu zuwa mai gefe 28. Cikin baƙar fata kimanin 400 masu ƙuri'a, huɗu ko biyar kaɗai suka rage a ciki, alhali ba a fitar da farar fata ko ɗaya ba.

Waɗanda aka zalunta suka ƙaurace wa kantunan farar fata, sa'an nan wani malamin kwalejin Tuskegee, Charles Gomillion, ya jagorance su suka kai ƙarar magajin gari, Philip Lightfoot. Ƙananan kotuna suka yi watsi da ƙarar, bisa hujjar cewa shata iyakar gari hurumin jiha ne. Amma ran 14 ga Nuwamba, 1960, Kotun Ƙoli ta warware wannan hukunci. Mai shari'a Felix Frankfurter ya bayyana cewa ikon jiha bai kai ga tauye haƙƙin da Gyara na 15 na tsarin mulki ya kare ba, wato kada a hana ɗan ƙasa zaɓe saboda launin fata. A 1961 aka maido da tsohuwar iyaka, kuma a 1972 Johnny Ford ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin magajin garin.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A shari'ar birnin Mobile ta 1980, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne mai ƙara ya tabbatar da niyyar wariya, abin da ke da wuyar gaske. Saboda haka a 1982 majalisar tarayya ta gyara Dokar Haƙƙin Zaɓe ta 1965, ta ba kotuna damar duban sakamakon tsarin zaɓe, ko da ba a gano niyya ba.

Ma'anar Kalmomi
shata: ja layin iyaka
mazaɓa: yankin da ke zaɓen wakili
hurumi: abin da ke ƙarƙashin ikon wani
tauye: rage ko danne

Tambayoyi
1. Me doka mai lamba 140 ta yi wa garin Tuskegee?
2. Wace hujja ce ƙananan kotuna suka dogara da ita?
3. A bayyana bambancin niyya da sakamako a shari'ar zaɓe.