Darasi Na Bakwai: Motsa Jiki da Ƙarin Abinci Wajen Magance Teɓa

7.1 Gabatarwa

A al'adance, Bahaushe yakan ɗauki ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, har wasu mata sukan sha ƙwayoyin da ake kira "sha-ka-fashe" domin su yi jiki. Sai dai ƙibar da ta wuce kima, wato teɓa, cuta ce. Wannan darasi zai yi bayani a kan ma'anar teɓa da illolinta da hanyoyin magance ta, tare da kawo misalai daga ƙauyuka irin su Bauranya a yankin Kankiya da Kusada cikin Jihar Katsina.

7.2 Ma'anar Teɓa

Teɓa ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai ga cutar da lafiya. Ana gane ta ta hanyar raba nauyin mutum (a kilo) da tsawonsa (a mita) sau biyu a jere. Sakamakon da ya kai 25 yana nuna nauyi ya yi yawa, wanda ya kai 30 kuwa teɓa ce. Misali, mai kilo 90 da tsawon mita 1.7 zai sami 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da teɓa.

Kitsen tumbi ya fi kowane haɗari, domin yana hana sinadarin insulin aikinsa na shigar da suga cikin tsoka. Daga nan sai suga ya taru a jini, a kamu da ciwon suga, sau da yawa tare da hawan jini.

7.3 Motsa Jiki

A da, rayuwar karkara cike take da motsi: noma da gayya da tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, da daka da surfe da jan ruwa a rijiya, ga kuma kokawa da dambe da langa. A yau babur ya rage tafiyar ƙasa, injin niƙa ya rage aikin turmi, yayin da taliya da lemon kwalba suka yawaita.

Tsokar da ke aiki takan janye suga daga jini, ko da nauyin mutum bai ragu ba. Saboda haka a shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa gyaran abinci da motsa jiki sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke dab da kamuwa, alhali maganin metformin ya rage da kashi 31.

7.4 Ƙarin Abinci

Ƙarin abinci shi ne ƙwaya ko gari ko shayi da ake sha domin cike giɓin wani sinadari a jiki. Yana da amfani ga wanda likita ya tabbatar yana da ƙarancin wannan sinadari, amma ba ya narkar da kitse kamar yadda 'yan talla ke cewa. Hasali ma, an sha samun ƙwayar sibutramine a ɓoye cikin wasu shayin rage ƙiba, ƙwayar da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinta ga zuciya. Don haka wajibi ne a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, a kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya, kamar na Babban Asibitin Kankiya.

Abin da ya fi dacewa yana nan a gona da bayan gida. Gero da dawa da wake, da kwaɗon zogale da rama da tafasa, suna ɗauke da dusa da zare masu jinkirta shigar suga cikin jini, kuma suna ƙosarwa. Sai dai a rage mai da gishiri, da sukarin da ake zubawa a fura da koko.

7.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa motsa jiki da gyaran cima su ne ginshiƙin maganin teɓa, ƙarin abinci kuwa mataimaki ne kawai. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya sassauta suga da hawan jini. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƙiba da teɓa?
2. Auna matsayin mai kilo 75 da tsawon mita 1.6.
3. Kawo ayyukan gargajiya biyar da ke motsa jiki, tare da bayanin abin da ya maye gurbinsu.
4. Tattauna matsayin ƙiba a tunanin Bahaushe.