Gyaran Robar Gaban Babur

A 1958 ne kamfanin Honda na Japan ya fitar da ƙaramin babur ɗin nan Super Cub, mai roba a gaba don ta kare ƙafafun mahayi daga iska da taɓo. In ta tsage, wasu sukan ɗaure ta da waya kawai. Wannan ganganci ne, don in ta ɓalle ana cikin gudu tana iya shiga taya.

Irin wannan roba ba ta kama gam sosai. Shi ya sa bakanike yakan huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sa'an nan ya narka guntun roba irinta da ƙarfe mai zafi, ya liƙe daga ciki. Amma in wurin ɗaura noti ne ya karye, gara a sayi sabuwa.