SIKANIN BA NA CIKI KAƊAI BA NE: AMFANINSA GA TSOKA, JIJIYA DA GAƁOƁI

 Yawancinmu in aka ce sikanin, abin da ke zuwa mana a rai shi ne hoton ciki. Gaskiya ne da shi ake duba kwanciyar jariri da yawan watanninsa. Sai dai wannan na'ura tana duba tsoka da jijiyoyi da gaɓoɓi, na uwa da na jariri. A kan haka darasinmu na wannan fitowa zai tsaya.

YAYA NA'URAR TAKE AIKI?

Na'urar tana aika wani sauti mai tsananin kaifi, wanda kunnen ɗan'adam ba ya iya ji, zuwa cikin jiki. Sautin yakan bugi tsoka ko ruwa ko ƙashi ya dawo, kamar amsa-kuwwar da ake ji in an yi magana cikin rijiya. Kwamfuta ce ke mayar da shi hoto. Man da ake shafawa yana kore iskar da ke tsakanin fata da kan na'urar ne, domin sautin ba ya ratsa iska sosai. Ba a amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, don haka ana yi wa mai ciki da jariri sabon haihuwa. Wani likitan mata a Glasgow ta ƙasar Birtaniya, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin amfani da ita a 1958.

CIWON HANNU GA MAI CIKI DA MAI JEGO

Matanmu na Makoda da Koguna da ƙauyukan kewaye ba sa rabuwa da daka da surfe da jan guga. Ga ɗaukar jariri dare da rana. Wannan yakan sa jijiyoyin da ke motsa babban yatsa su kumbura a wuyan hannu, har matse tsumma ya gagara. Wata kuma a watannin ƙarshe na ciki ruwa kan taru ya danne jijiyar ji a wuyan hannu, sai yatsu su riƙa mutuwa da tsira kamar allura, musamman da dare. Sau da yawa likita yakan gane matsalar da hannunsa. In akwai shakka, sikanin zai nuna kumburin yayin da kike motsa yatsan. Magani yakan fara da hutar da hannu da ɗaure shi da abin tallafi, kuma mutuwar yatsu takan ragu bayan haihuwa. Maigida, a nan taimakonka ya shigo: a samo wanda zai karɓi daka da ɗiban ruwa.

ƘAFA ƊAYA TA KUMBURA

Kumburin ƙafafu biyu da yamma abu ne da aka saba gani ga mai ciki, a dai faɗa wa ungozoma ranar awo don a gwada jini. Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi da ciwo a ƙwauri ko cinya, to kada a ɗauka targaɗe ne. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma haɗarin haka ya fi yawa a makonni 6 na farko bayan haihuwa. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A zo asibiti a ranar, sikanin zai nuna ko jini yana gudana. In aka ƙara da ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, to gaggawa ce, ko da tsakar dare ne.

KWATANGWALON JARIRI

Wani jaririn akan haife shi kan ƙashin cinyarsa bai zauna daidai cikin gurbinsa ba. Ba ya jin ciwo, don haka ba a lura sai ya fara tafiya yana ɗingishi. A watanni 4 zuwa 6 na farko wannan gaɓa guringuntsi ce, hoton ƙashi ba ya nuna ta sosai, amma sikanin yana nunawa. Wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Ostiriya, Reinhard Graf, shi ya fito da hanyar wannan awo a 1980.

An fi samun matsalar ga:
1. Jaririn da ya kwanta a zaune cikin ciki a watan ƙarshe.
2. Wanda aka taɓa samun irin haka a danginsa na kusa.
3. 'Ya mace da ɗan fari.

Na 1 da na 2 su ne aka fi tura wa sikanin, yawanci a mako na 6, wato daidai gama arba'in da allurar rigakafi. In ma'aikaciya ta ji gaɓar tana gocewa tun ranar haihuwa, ba a jira wannan lokaci. A gida, uwa ta lura ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar lokacin wanka. In an gano da wuri, wata ɗamara mai laushi da ke riƙe cinyoyi a buɗe na makonni 6 zuwa 12 takan wadatar. In aka makara, sai a kai ga filasta ko tiyata.

Albishir ga kakanni: goyon da muka gada, cinyoyin yaro a buɗe a bayan uwa, yana taimaka wa wannan gaɓa ta ginu daidai. Abin da ake gudu shi ne miƙe ƙafafun jariri a haɗe a naɗe su tamau da zane.

Haka nan jaririn da ya ƙi motsa hannu ko ƙafa ɗaya, yana tsala kuka in an taɓa, ko da zazzaɓi ko babu, kada a kai shi wurin maɗori. Yana iya zama mugunya ce ta taru a gaɓa, kuma cikin 'yan kwanaki takan lalata ta.

RANAR ZUWA

Sikanin gaɓa ba ya bukatar azumi ko cika mara da ruwa. A sa tufa mai sauƙin janyewa, a shayar da jariri don ya natsu, a zo da katin awo da takardar likita. A sani kuma na'urar ba ta ganin cikin ƙashi, saboda haka in ana zargin karaya likita zai iya neman hoton ƙashi. A gaya masa in akwai ciki.

A fara da asibitin da ya fi kusa. Su za su tura ku Babban Asibitin Dambatta, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe tun 1959, gwargwadon bukata. Sakamakon sikanin a mayar wa wanda ya tura ku, shi zai haɗa da abin da ya gani a jiki ya yanke magani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raba lafiya, Ya raya mana zuriya, amin.